Rakiyar da Na Yi wa Babanku

Ranar sunan ɗan Mubarak ina kicin ina juya miyar taushe na ji maganar da ta zaunar da ni rubuta wannan babi. Ƙofar falo a buɗe take. Wata daga cikin matan masallacinmu ta tambayi dalilin da ya sa ba a mayar wa jaririn sunan kakansa ba, sai na ji ke Ummi, 'yata ta fari, kin amsa mata da Hausarki mai ƙamshin Manchester.

"Sunan wa? Wanda ya tattara ya bar mu?"

Kai kuma Mubarak kana wucewa da tiren shayi ka ɗora naka a kai.

"Ai ko Mum ba ta raka shi airport ba."

Na ci gaba da juya miyata, aka ci aka sha aka watse. Zaɓen suna haƙƙin uban ɗa ne, ba shi ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ku biyu kun girma, kun yi aure, kun fara tara iyali, kuma kuna ɗauke da labarin ubanku a karkace. Shi ba ya nan balle ya miƙe muku shi. To ni ina nan, bakina kuma bai mutu ba.

Babanku ɗan Kakuri ne a Kaduna. Sunansa Lawal, na rubuta ne kawai, da bakina ban taɓa kiransa ba, Malam nake ce masa. Mahaifinsa a masaƙa ya yi aiki har ƙarar injina ta cinye masa kunne. Mahaifiyarsa Inna, wadda ke Ummi kika ci sunanta, ƙosai take soyawa a bakin get ɗin masaƙar, da kaskon nan ta yi masa makaranta. Shi ma da ya tashi masaƙar ya shiga, ɓangaren rini, su ne kuma suka turo shi Manchester ƙaro ilimi da sharaɗin 'yan shekaru kaɗan ya koma. Muna nan masaƙar ta rufe, tallafin karatu ya tsaya, ya ƙarasa digirinsa yana aikin gadi, ya wayi gari da ilimin rini babu inda zai kai shi. Daga baya ya samu aiki a lab ɗin uni, ni na shiga aikin kula da tsofaffi, muka kama flat a saman wani ƙaton tsohon gida a Whalley Range, inda kuka buɗe ido kuka gan mu. Inna tana hannun ƙanwarsa Talatu, shi kuma yana aike, yana zuwa idan hali ya yi.

Kun san shi da tafiyar ƙafa, amma ba ku san irin surutun da na sha a kanta ba. Wani Bature abokin aikinsa ne ya koya masa. Da kaka ta yi, wato kakar ƙasar nan da ganye ke yin ja yana zuba, sai ya ɗauki hutu, ya goya jaka, ya ɗaura wasu jibga-jibgan takalma, ya tafi bin kanal, hanyoyin ruwan nan da aka haƙa tun zamanin da don jiragen kaya, daga wannan ƙauye zuwa wancan. A wurinmu kuwa babban mutum ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili, ko dai mota ta lalace, ko aljihu ya bushe, ko kuma kai ya taɓu. Wata rana Alhaji Isuhu na masallaci ya hango shi daga kan gada cikin yayyafi, ya taka birki, ya sauko da gudu yana tambayar inda motar ta mace. Malam ya ce lafiyarta ƙalau, tana ƙofar gida. Alhaji ya yi ta roƙonsa ya shiga ya sauke shi, ya ƙi. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta gama gari, mata suna ja na gefe suna tambaya ko a taimaka mana da addu'a. Ni kaina ban raga masa ba. Yawon banza nake kiran abin, in ce mutum da hita a ɗakinsa ya tafi neman mura a dawa. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge takalmansa.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda Ummi ta samu uni a Aston ta koma Birmingham, Mubarak kuma yana shekarar jarrabawarsa ta gama sakandare. A daminar shekarar Talatu ta rasu. Inna a lokacin idonta ya riga ya tafi, ba ta da sauran ɗa a duniya sai babanku, maƙwabta ne ke miƙa mata abinci ta katanga. Ya nemi kawo ta nan, takardu suka ƙi, ita ma ta aiko cewa ko sun yi ba za ta hau jirgi ta je ta mutu cikin sanyi ba. Ya nemi wadda za a riƙa biya ta kula da ita, aka samu, ba ta yi wata ba ta gudu. Wata safiya yana shan shayi ya ce mini ya ajiye aiki, zai koma gida ya zauna da Inna har abin da Allah ya yi.

"Mu fa?" na ce.

"Ku ma ina so mu tafi, in za ki yarda."

"Da yaron da ke tsakiyar jarrabawa? Da yarinyar da ko akwatinta ba ta gama buɗewa ba? Malam, ka yi shawara da ni ne ko sanarwa kake ba ni?"

Ya ce sanarwa ce, don ya san in shawara ce zan rinjaye shi, shi kuma ba ya so a rinjaye shi. Wannan magana ta ƙona ni ƙwarai. Na faɗa masa maganganu, wasu gaskiya ne, wasu zafin rai. Daga ranar gidan ya koma sai gaisuwa da ga abinci. Ke Ummi ya kira ki ya faɗa miki, kika kashe masa waya. Kai Mubarak ka shige ɗaki ka toshe kunnuwanka da waƙa. Wannan kun sani, kuna ciki. Abin da ya biyo baya ne ba ku sani ba.

Da hutun tsakiyar zango ya zo, Mubarak ya tsere Birmingham wurin yayarsa, ya sauka gidan 'yar'uwata Anti Rabi a Aston. Ni da na ɗauki hutun aiki dominsa sai na zauna a gida ni da mutumin da ba na yi wa magana. Tafiyarsa gida saura 'yan makonni. Ya ce zai je ya yi tafiyar ƙafarsa ta ƙarshe. Da safe na jiƙa wake zan yi alala, ina jinsa yana ɗaure takalma a bakin ƙofa. Ya ce, "To, na tafi." A gidanmu na Zariya ba a barin matafiyi ya fita shi kaɗai ko da an yi faɗa da shi, sai an taka masa. Don haka na zura hijabi a kan rigar zaman gida, na sa silifas, na ce bari in raka shi. Nufina bakin titi.

Sai na yi muku bayanin rakiya, don na lura ku a bakin lif kuke cewa bye ku rufe ƙofa. Yadda mahaifina ya koya mana, mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Wanda ake raka wa ne zai tsaya ya ce, "Rakiyar ta isa haka, a koma," ka ɗan ƙara taku kaɗan, ya sake cewa, sannan ku yi sallama. In ka juya ba a sallame ka ba, kamar ka ce ka gaji da mutum ne. Babanku ya san wannan sarai, shi ma a cikinta ya tashi. Muka sauko daga bene, muka fita get, muka kai bakin titi, ina jira ya ce in koma. Bai ce ba. Muka kai wurin tsayawar bas, bai ce ba. Bas ta zo, ya shiga, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. Na ce a raina, wallahi ba ni zan fara juyawa ba, in raini ne ma mu zuba. Na shiga. A tashar jirgin ƙasa ya je taga ya dawo da tikiti biyu, ya miƙo mini ɗaya ba tare da ya dube ni ba.

Sai da jirgi ya fita daga gari ya kalli ƙafata.

"Ba ki sa safa ba."

"Ban san rakiyar za ta yi nisa ba."

Ya mayar da fuskarsa taga, na ga gefen bakinsa yana motsi. Ni ko dariya ba ta zo mini ba, waken da na bari a ruwa nake tunani.

A Greenfield muka sauka muka kama bakin kanal. Hanyar duk ganye ne jiƙaƙƙe da taɓo, silifas ɗina yana tsotsar ruwa yana fesa mini a ƙafa, agwagi suna bin mu suna neman burodi. Turawan da muke haɗuwa da su kowa da rigar ruwa da sanda, su gaishe mu, idonsu ya sauka ƙafata, su yi saurin ɗauke kai. Haka na isa Uppermill, yatsuna ba na jin su. Ya shiga wani shagon gwanjo da ni, ya zaɓo mini takalma irin nasa da safa mai kauri da wata rigar sanyi da ta kusa kai mini gwiwa. Ya durƙusa a tsakiyar shagon ya ɗaure mini igiyar da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ga tasha nan ba nisa, da ya ga dama a nan zai ce in koma. Ya miƙe ya ce, "Mu je."

Gidan saukar baƙin da ya kama na wata tsohuwa ce, ta san shi tun shekarun baya. Da ta gan ni ta ce ashe dai da gaske yana da mata. Da safe tana zuba mana shayi na lura idan za ta yi magana daga nesa sai ta buɗe baki sosai tana fitar da kalmomi ba murya. Malam ya amsa mata da irin haka, suka yi ta yi suna dariya. Ya ce mini uwarta a masaƙa ta yi aiki, a cikin ƙarar injina ba a jin magana sai dai a karanci leɓe, kuma haka mahaifinsa yake yi musu magana a Kakuri har ya rasu. Shekara da shekaru ina zaune da mutumin nan ban san ya iya wannan ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya rage tafiyar saboda ni. Mu bi ruwa, mu haura wani ƙauye, mu gangaro. Dobcross, Delph, duk gidajen dutse ne baƙaƙe da hayaƙin da ya daɗe da mutuwa, da tagogi jere a saman bene inda masaƙan hannu suke zama don samun haske. Kowane kwari da masaƙarsa da dogon bututun hayaƙinta. Wasu an mayar da su flat, wasu an bar su ciyawa ta fito ta taga. Ya san kowacce, ya san wadda ulu take yi da wadda auduga take yi, ya nuna mini inda ruwan rini yake fita. Abincinmu burodi da ƙwai da kifi da dankali, salla kuma ƙasaru muke yi, mu shimfiɗa rigar ruwansa a inda ya fi bushewa. Ƙafafuna suka yi ƙuraje, cinyoyina suka yi tsami, ban yi ƙorafi ba don kada ya samu dalili. Magana tsakaninmu ba ta wuce ga gada can, kula da santsi. Amma na fara gane ba yawon banza yake zuwa ba. Wurin da ya yi kama da gidansu yake zuwa, don Kakuri ma haka ta koma, gine-gine a tsaye ba kowa a ciki.

A bakin get ɗin wata rufaffiyar masaƙa ya tsaya ya daɗe. Ya nuna mini wani lungu gefen dama, inda katanga ta kare iska.

"Da a gida ne, nan Inna za ta kafa kaskonta."

Na dubi lungun, ya ci gaba.

"Ranar da zan taho ƙasar nan ta rako ni har tashar mota, ta bar ƙosai a wuta. Na ce mata, Inna ki koma, ba daɗewa zan yi ba. Ta ƙara taku, na sake cewa. Ta juya. Ni na sallame ta, Binta. Da maganata ta koma, tana kan jiran maganata har idonta ya tafi."

Daga nan na daina ganin raini a cikin shirunsa. Mutumin da ya taɓa cewa a koma sau ɗaya abin ya zama haka, ba zai yi saurin sake faɗa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, don ina ta lissafin abin da tafiyarsa za ta yi mana, ban taɓa tsayawa na duba abin da zamansa ya yi masa ba.

Rana ta ƙarshe muka bi kanal har Diggle, inda ruwan yake shigewa wani rami baƙi ƙirin a ƙarƙashin dutse. Ya ce a da doki ke jan jirgi, amma ramin ba shi da hanyar doki, sai a kwance shi a nan a haura da shi ta saman tudu, jirgin kuma ya bi ta ciki, su haɗu a Marsden, can ɗaya gefen. Hanyar dokin muka bi. Tudun da suke kira moor ba bishiya ko ɗaya, sai ciyawa ja-ja da baƙar ƙasa mai tsotse ƙafa da tumaki masu kallon mutum kamar ya ci musu bashi. Iska tana neman tuɓe mini hijabi. Na yi haki har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Can sama akwai wata katangar dutse da ƙaramar ƙofar katako, daga nan ana hango kwarin da muka baro a baya da wanda za a gangara a gaba. Muka yi azahar da la'asar a jikin katangar, ya zuba mini shayi a murfin fulas. Ina riƙe da shi na faɗi abin da na kwana da shi na tashi da shi.

"Malam, zan bi ka."

"Marsden?"

"Kaduna. Ummi ta girma, tana da ɗakinta. Mubarak ya zauna gidan Anti Rabi ya gama jarrabawarsa, in ya so ya biyo mu ko ya zauna. Ba za ka iya wankan tsohuwa da girkinta kai kaɗai ba, ni kuwa aikina ke nan, na yi wa iyayen wasu balle taka."

Ku karanta wannan da kyau, ba kuskuren alƙalami ba ne. Ni uwarku na ce zan tafi in bar ku, kuma da gaske nake, har na gama tsara abin da zan zuba a akwati. Ba na neman afuwar kowa a kai, abin da ya faru ne nake faɗa.

Ya karɓi murfin ya shanye sauran shayin, ya rufe fulas, ya sa a jaka, ya ɗaure. Sannan ya miƙe ya dafa ƙofar katakon.

"Binta, rakiyar ta isa haka. Ki koma."

Maganar da nake jira tun daga ƙofar gida, sai ga shi ta zo a lokacin da ba na son ta. Na ce ban yarda ba. Ya ce ai ba a musu da wanda aka rako.

"Ni na bar uwa, na ga abin da ya haifar," in ji shi. "Ba zan zama sanadin da uwa za ta bar ɗa ba. Yaron nan yana shekarun da in ya waiwaya bai ga kowa ba, titi zai ɗauke shi, kin ga 'ya'yan mutane. Ummi kuma da kike cewa ta girma, wa za ta kira in abu ya same ta? Inna tawa ce, ni zan je. Su naki ne da nawa, ki riƙe mana."

"Za su ce ka gudu."

"Su ce. Gara su yi fushi da wanda yake nesa. Ke za ki zauna da su, in suka ji kin taɓa cewa za ki tafi, ba za su ƙara sakin jiki da ke ba. Kada ki faɗa musu sai sun haifi nasu."

Na ƙara taku kamar yadda ake yi, na kai hannuna kan ƙofar. Ya sake cewa, "Ki koma." Na yi kuka a wurin, ba na ɓoye muku, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na gama na share fuskata da hijabi, na juya na kama hanyar da muka hawo. Ban yi nisa ba na ji takunsa a bayana.

"Ina kuma za ka? Ba Marsden ka nufa ba?"

"Bari in raka ki," ya ce.

Ban ce masa ya koma ba, ni ma. Tare muka gangaro, tare muka hau jirgi, muka tarar da wake ya yi tsami ya cika flat da wari, muka buɗe tagogi cikin sanyi muna dariya kamar yara. Da Mubarak ya dawo daga Birmingham ya ga baƙin takalma a ƙarƙashin bene ya tambaya na waye, na ce na gwanjo ne na tsinta da araha.

Ranar tafiyarsa Alhaji Isuhu ne ya zo da mota. Ni na haɗa masa kaya, na sa masa yaji da man zafi da rigunan da zai kai wa Inna. Na sauko da shi har get na tsaya. Kai Mubarak kana bayan mota kana kallona, ka ga uwarka ta ƙi shiga, ka riƙe wannan a ranka har ranar sunan ɗanka. To ga dalili. An riga an sallame ni a kan tudu, rakiyata ta ƙare a can, kuma ni da shi mun san in na shiga motar nan har na ga bakin jirgi, ba mai iya sa ni juyawa karo na biyu. Ya leƙo ta taga ya motsa leɓensa ba murya, irin na masaƙa. Ban iya karantawa ba, har yau ban san me ya ce ba.

Sauran kun san rabinsa. Kullum sai ya kira, ke Ummi sai kin ga dama ki ɗauka. Ya zo bikin gama karatunki ya rame ya yi baƙi, kika gaishe shi kamar baƙon masallaci, ya koma bai ce komai ba sai albarka da ya sa miki. Abin da ba ku gani ba na gani da na je. Na tarar da mai digirin rini yana wanke zannuwan uwarsa a bakin famfo, yana dama mata koko, yana ɗaukarta a hannu ya fitar da ita hantsi. Tana shafa fuskarsa tana kiransa da sunan yarinta. Duk wanda ya ce muku mutumin nan gudu ya yi, ku tambaye shi ko haka masu gudu suke yi. Mun ɗauka Inna za ta riga shi, sai Allah ya yi nasa ikon. Zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan kwanaki, aka kira ni da hantsi, kafin la'asar an kai shi. Ina jirgi a sama lokacin da maƙwabta suka gama komai. Inna ta bi shi kafin shekara ta zagayo, a hannuna, don na zauna da ita watannin ƙarshe, lokacin Mubarak ya shiga uni kuna ganin hutu na tafi.

Abin ya ci mini da yawa. Na rasa shekarun da suka rage mana tare, na kwana ni kaɗai a flat ɗin nan ina jin ku kuna ambatonsa da abin da bai yi ba, ina da amsa a baki an ce in riƙe. Sau da yawa na ji haushinsa a kan wannan alƙawari. Amma Mubarak bai bi titi ba, Ummi kuma duk abin da ya same ta ni take kira, tun daga zazzaɓi har naƙuda. Abin da ya ce in riƙe na riƙe, sharaɗinsa kuma ya cika, kun haifi naku.

Ke Ummi, flat ɗinki na Ladywood a bakin kanal yake. Duk zuwan da na yi sai na tsaya a tagarki ina kallon ruwan, ki ce, "Mum, me kike kallo a wannan ƙazamin ruwa?" Duk kaka kuma in na ɗauki takalman nan na fita, kuna cewa GP, wato likitana, shi ya sa ni motsa jiki. GP bai san ma ina yi ba. Jirgi nake hawa zuwa Greenfield, in bi ruwa a hankali, in kwana a hanya, in haura har ƙofar katakon nan, in sha shayina in juyo. Ban taɓa buɗe ta ba, ban san kamannin Marsden ba.

Bana gwiwoyina sun fara gardama, ban san ko saura hawa nawa gare ni ba. In ganye ya fara zuba zan tafi. Ban ce dole ba, ban kuma ce a canja wa jariri suna ba. Amma duk wanda a cikinku ya zura takalmi ya ce bari ya taka mini zuwa bakin titi, ya sa safa mai kauri, don ba zan ce masa ya koma ba sai mun kai inda babanku ya ce mini.